Mai Tabarma da Mai Wuri: Kasuwancin Bakin Titi a Paraku da Jugu

A bakin babbar hanyar da ta ratsa Paraku daga kudu ta nufi Malanbil akwai guraben da faɗinsu bai wuce tabarma biyu ba, amma gida huɗu ko biyar ke ci daga kowannensu. Da asuba mai koko da ƙosai ce a wurin. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta kwashe tukwanenta, ta share toka, mai shinkafa da wake ta sauke kulolinta. Da la'asar mai suyar doya da awara ta karɓa. Bayan magariba mai shayi ya jawo tebur da benci, mai tsire ya hura wuta a gefensa, su raba dare. Babu takarda tsakaninsu, babu shaida. Kowa dai ya san lokacinsa, wadda kuwa ta zarce nata da rabin awa za ta sha magana.

In aka tara duk abin da ke gaban mai ƙosai, da waken da man da itacen da kaskon, ba wani abin a zo a gani ba ne. Ana iya karɓo shi bashi da safe a biya da yamma. Abin da ke da wuyar samu shi ne inda za a aza kaskon. Taku goma daga ƙofar tasha kasuwa ce, taku hamsin kuwa zaman banza ne. Gindin bishiyar mangwaro da ke fuskantar ƙofar asibiti ya fi shago mai rufin kwano a lungu. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san gurbi shi ne jarin gaskiya, kuma jari ne wanda mai shi ba ya iya sayarwa a gaban hukuma, ba ya iya jinginarwa a banki, ba shi da tabbacin zai same shi gobe.

Paraku, da ake rubutawa Parakou a taswira, ita ce birni mafi girma a arewacin Jamhuriyar Benin, hedikwatar jihar Borgu. Ƙidayar 2013 ta ba ta mutum dubu 255 da 'yan kai. Jugu kuwa, wato Djougou, tana yamma da ita da tazarar kilomita 130 da ɗoriya, kusa da iyakar Togo, ita ce hedikwatar jihar Donga, kuma ƙaramar hukumarta gaba ɗaya, gari da ƙauyuka, ta haura mutum dubu 267 a wannan ƙidaya. Garuruwan biyu hanya ce ta haife su. Hanyoyi shida ne suka haɗu a Jugu: ta Paraku, ta Natitingu, ta Basila da Sabalu, ta Kara a Togo, ta Ndali, da ta Pehunko. Paraku kuma tana kan jijiyar da ta haɗa tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ƙasar Nijar.

Hausawa ba baƙin wannan hanya ba ne. Tun kafin Bature ya shata iyaka, ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Nikki da Paraku da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Jakuna ɗaruruwa, madugu a kan gaba, ana kai kanwa da fatu da rinannun tufafi da dabbobi, har da bayi, a dawo da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da wannan fatauci, kuma tafiya da dawowa kan ci wata shida zuwa shekara. Abin lura a nan shi ne yadda garuruwan suka tsara zaman baƙo. A Jugu fada tana Kilir, 'yan kasuwa Musulmi kuma suna unguwarsu da ake kira Wangara. A Paraku sarauta tana hannun Akpaki, unguwar fatake kuma tana da nata shugaba, Baparape. Falke in ya iso ba ya yada kaya inda ya ga dama. Yana da mai gida wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso, ya karɓi la'adarsa. Sarki ya karɓi kuɗin wucewa. Ba aljanna ba ce, don ana tatsar fatake, ana kuma tare su a dajin Borgu. Amma wanda ya biya ya san abin da ya saya, ya kuma san ƙofar da zai buga in an taɓa shi.

Turawa suka zo suka yi tseren zuwa Nikki a 1894, Lugga ta ɓangaren Ingila, Decoeur ta ɓangaren Faransa, yarjejeniyar 1898 ta raba Borgu gida biyu. Goro ya koma bin teku da jirgin ƙasa, jakuna suka rasa aiki. Jugu ta yi sanyi. Paraku ta samu wata sabuwar sa'a: layin dogo daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso ta a 1936, ya kuma tsaya a nan. Shekaru da dama duk kayan da za su Nijar sai an sauke su daga tarago a Paraku a loda wa manyan motoci. Direbobi da yaran mota da 'yan dako da masu jiran lodi, kowa sai ya ci, ya sha shayi, ya sayi sabulu da batir. Kasuwar Depo da ke kusa da tashar jirgin daga wannan ta samu rai. Jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa, amma ɗabi'ar garin ba ta sake ba: gari ne na mai wucewa, shi kuwa mai wucewa ba ya shiga lungu neman shago. Abin da ke bakin hanya shi zai saya.

Wa ke sayar da me? Rabon bai zama doka ba, amma ido na ganinsa. Tsire da balangu da kilishi, da teburin shayi, da goro da dabino, da turare da carbi da hula, galibi a hannun Hausawa da Zabarmawa suke, wasu haifaffun unguwar Zango, wasu 'yan ci-rani daga Adar da Dosso da Dogon Dutsi da Kabi. Su ne kuma masu yawo da akwatin gyaran takalmi, da masu yankan farce, da 'yan koli masu allon tabarau da caja da makullai. Matan Fulani na shigowa daga rugage da nono da wagashi, cukun da ake daskarar da madararsa da ruwan tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi don ya ƙara kwana. Matan Bariba da Yom da Lokpa na kawo doya da dawa da man kaɗanya da daddawa da gawayi. Yarabawa da Fon sun fi yawa a atamfa da robobi da kayan gwangwani, Inyamurai a kayan gyaran babur da mota. Abincin titi kuma, sakwara da wasa-wasa da tubani da masa, na matan gari ne. Harshen da ya ɗinke wannan taro shi ne Dandanci, ɗan'uwan Zabarmanci, wanda fataken dā suka bari gado. Bahaushen da ya zo jiya zai yi ciniki da Hausa a Zango da tasha, amma in yana son ya zauna lafiya da maƙwabciyar teburinsa, gara ya koyi gaisuwa da lissafi da Dandanci. Lissafin ma irin na Nijar ne: dala sefa biyar ce, sefa ɗari dala ashirin, dubu kuma jaka. Mutumin Kano kan yi kwanaki yana ninkawa a ka kafin ya saba.

Sana'ar tana da matakai, kuma kowane mataki gwargwadon ƙasar da mutum ya iya riƙewa ne. A can ƙasa akwai mai tire a ka, wadda ba ta da ko taku ɗaya, gurbinta shi ne tagar motar da ta tsaya. Sama da ita mai baro ko amalanke, wanda yake tsayawa har sai an ce ya matsa. Sai mai shimfiɗa buhu ko tabarma a ƙasa. Sai mai tebur, wanda ke barin teburinsa ya kwana a wurin, a kife, an ɗaure ƙafarsa da sarƙa. Wannan barin tebur ya kwana babban al'amari ne, don shi ne alamar cewa unguwa ta amince wurin nasa ne. Daga nan sai rumfar kwano, sai kwantena ta ƙarfe mai ƙofa da kwaɗo. Mutum kan yi shekaru kafin ya hau mataki guda, ya kuma sauko uku a safiya ɗaya.

Samun gurbi kuwa sai an bi ƙofa-ƙofa. Ta farko ita ce ta mai gidan da ke bayan wurin. Bisa doka gefen titi na hukuma ne, ba nasa ba, amma babu mai hankalin da zai kafa tebur a ƙofar wani bai gaishe shi ba. Wani mai gidan ya karɓi kuɗin wata, wani ya ce a riƙa share masa ƙofa, wani a riƙa aika wa yaransa ƙosai. Ƙofa ta biyu ta waɗanda suka riga ka zama ce. Ba za su hana ka ba in kayanka daban ne da nasu, mai lemo ma murna take in mai tsire ya zo, don wanda ya ci yaji zai nemi abin sha. Amma mai awara ta biyu a inuwa ɗaya, wannan neman faɗa ne. A tasha akwai shugabannin direbobi da 'yan kamasho, su ke cewa wa zai shiga da tire wa zai tsaya a waje. Baƙon Bahaushe kuma yakan fara da Zango, wurin sarkin Hausawa ko sarkin fawa ko wani dattijo ɗan garinsu, a kai shi a gabatar, a ce yaronmu ne. Wannan shi ne abin da ya rage daga tsarin mai gida na zamanin ayari, sai dai mai gidan yau ba shi da ikon da kakansa ke da shi. Yana iya sasanta ka da maƙwabci. Ba ya iya tsayar da katafila.

Sannan ga mai tikiti. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Disambar 2002, magadan gari suka kama aiki a 2003, kuɗin kasuwa da na gefen titi ya zama ɗaya daga hanyoyin da ma'aikatar magajin gari ke samun na kashewa. Paraku ma tana cikin biranen da ke da matsayi na musamman, kamar Kwatano da Porto-Novo. Mai tikiti na zagayawa ya yaga 'yar takarda ya karɓi 'yan daloli. A ganin mai tebur, ta biya, wurin ya halatta. A ganin hukuma kuwa, an karɓi kuɗin yinin yau ne kurum, takardar ba ta yi alkawarin komai game da gobe ba. A tsakanin waɗannan fahimta biyu duk rikicin sana'ar yake kwance.

Mafi yawan faɗan da ake yi, ba da hukuma ake yin sa ba. Talaka da talaka ne. Dubi babbar kasuwar Arzeke da ke tsakiyar Paraku. Matar da ke da rumfa a ciki tana biyan haya, tana zaune tana kallon wata ta shimfiɗa irin tumatirinta a bakin ƙofa, tana tare mai saye tun bai sauka daga babur ba. Me za ta yi? Ta kai ƙara ga masu kula da kasuwa, a kori na waje, su dawo bayan kwana biyu. Daga ƙarshe sai ta ɗora wa 'yarta ko yarinyar da take riƙo tire, ta ce je ki ƙofa. Ta zama tana cikin masu ƙorafi, tana kuma cikin waɗanda ake ƙorafi a kansu. 'Yan zemijan, wato masu acaɓa, suna son bakin mararraba don jiran fasinja, masu lemo da burodi su ma nan suke so. Mai kiyos ɗin tura kuɗi ta waya, na MTN ko Moov ko Celtiis, ya zo da lema mai launi ya tsaya a gaban mai goro ya tare shi. In kasuwa ta yi daɗi duk wannan da wasa da dariya ake yin sa. In ta yi tsami, sai a fara tuna wa juna asali: wane ɗan ƙasa ne, wane baƙo, wane jiya ya zo. Bahaushen da aka haifi kakansa a Zango yakan ji wannan magana daidai da wanda ya sauka daga mota makon jiya, kuma ta fi yi masa ciwo.

Ribar fa? Mafi ƙarancin albashi a hukumance a Benin ya koma sefa dubu 52 a wata tun Janairun 2023, daga dubu 40. Amma fiye da mutum tara cikin goma na masu aiki a ƙasar ba sa ƙarƙashin wannan lissafi, suna cikin sana'o'in da ba su da rajista. Mai tebur ba ta lissafin wata. Lissafinta na yini ne: a cire kuɗin mai kaya, a cire na tikiti, a cire na cefane, a cire zubin adashi, abin da ya saura shi ne riba, in ya saura. Adashin nan shi ne bankinta, ko na rukuni da ake kwasa bi da bi, ko na mai zagayawa da kati kullum yana sa alama, ƙarshen wata ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa. An sha cin amanar mutane ta wannan hanya. Badaƙalar kamfanin ICC Services ta 2010 ta cinye ajiyar dubban talakawa, a 2022 kuma gwamnati ta haramta irin tarin kuɗin da ake kira adogbe ba tare da izini ba. Akwai ƙaramin rancen gwamnati, wanda shugaba Boni Yayi ya fara a 2007 da sefa dubu 30, gwamnatin Patrice Talon ta sabunta shi da sunan Alafia a 2020. Kuɗin na sayen kasko da buhun wake. Ba ya sayen inda za a zauna.

Akwai kaya guda da ya fi kowane cin gefen titi, shi ne fetur ɗin kwalba da ake kira kpayo. Daga Najeriya ake shigo da shi, a wannan yanki ta wajajen Nikki da Cikanda da ƙananan hanyoyin daji, a kan babura da aka ɗaure wa jarkoki har ba a ganin direba. A jera shi a manyan kwalabe masu ƙaton ciki da kwalaben lita ɗaya a kan teburin katako, da mazurari da ƙyallen tacewa. An daɗe ana ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na man da ake ƙonawa a Benin ta wannan hanya yake zuwa. Mai kpayo na bukatar wuri na musamman: inda babur zai iya ratsewa ya tsaya, nesa da wutar mai tsire da kaskon mai suya. Wannan kaɗai ya isa ya haddasa rigima a kan mararraba. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki litar da ake sayarwa wajen sefa 450 ta haura 700, ta wuce farashin gidan mai. Layi ya koma gidajen mai, teburan kwalba da yawa suka zama kango na ɗan lokaci. A Satumbar wannan shekara gobara a wani rumbun kpayo a Seme-Krake, can kudu a bakin iyaka, ta kashe mutum fiye da 30. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya na zuba fetur taku biyar daga murhun gawayi ba zai ce hukuma ba ta da hujjar damuwa ba.

Tun a 2016 ma gwamnatin Talon ta ba da wa'adi zuwa ƙarshen Disamba cewa duk wanda ya mamaye gefen titi da filayen hukuma a manyan birane ya kwashe. Aka bi ana shafa jan fenti a jikin rumfuna da kwantenoni. Farkon Janairun 2017 katafila ta fito. A Kwatano sunan Modeste Toboula, wakilin gwamnati a jihar Littoral, shi ya cika bakin mutane, amma aikin bai tsaya a can ba, Paraku ma ta sha nata rabo. Wasu sun cire kwanonsu da hannunsu tun kafin a iso, don kada a yi biyu babu. Ba a biya diyya ba, tunda a ganin doka babu wanda aka ƙwace wa abinsa. Rigimar ta taɓa har sallar Juma'a, saboda an ce a daina shimfiɗa darduma a kan titi, sai da shugaban ƙasa ya zauna da malamai a Fabrairun wannan shekara aka sassauta. Malamai suna da murya, an kira su fada. Mai awara ba a kira ta ba.

Ba Benin kaɗai ba ce. An yi irin wannan rusau a Yamai a 2016, Legas ta tsananta dokar hana tallan titi a shekarar, mutanen Kano kuma sun san yadda 'yan tebur ke tattara kaya in motar KAROTA ta ɓullo. Hausawa na cewa in mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe. Gaskiya ne. Titi na kowa ne, makaho da ɗan makaranta da mai turin keken guragu suna da haƙƙin su bi gefen hanya ba tare da sun sauka cikin motoci ba, magudanar ruwa kuma ba wurin zuba bawon doya ba ce. Inda nake ganin hukuma ta gaza shi ne nan: shekara da shekaru tana karɓar kuɗin tabarmar, ba ta taɓa cewa ga iyakar inda za a shimfiɗa ba, rana ɗaya ta tuna ita ce mai wuri. Kuma rusau bai taɓa kowa daidai ba. Mai kwantena ya yi asara mai yawa, amma sau da yawa yana da abin kama shago a layi na biyu. Mai tebur ya koma mai tire. Mai tire kuwa ta wayi gari ta ga abokan takara sun ninku a tagar mota ɗaya. Guraben da suka rage a cikin lunguna da ƙofofin gidaje suka yi tsada, masu gidaje suka ƙara haya. Bayan ƙura ta lafa ciniki ya dawo bakin kwalta, sai dai da sabon salo: tebur mai naɗewa, lema maimakon kwano, baro maimakon rumfa, kaya kaɗan waɗanda za a iya sungumewa a ruga.

Iyakoki ma suna da hannu a cikin tukunyar mai koko. Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, ko da Benin ta buɗe ɓangarenta a 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Manyan motocin da ke kwana a Paraku a kan hanyarsu ta arewa suka ragu ƙwarai, kuma kowace mota da ba ta zo ba, kwanon sakwara ne da kofin shayi da ba a sayar ba. 'Yan ci-rani suka koma ƙetare kogi da kwalekwale, da tsada da kasada. Da yawansu dama rabin shekara suke yi: in damina ta faɗi a gida su koma gona, su bar tebur a hannun ƙane ko ɗan ƙauyensu, don gurbin da aka bari babu kowa wata uku ya zama na wani.

Jugu ta fi Paraku jin jiki ta wata fuska, don ba ta da jami'a irin wadda aka buɗe a Paraku a 2001, ba ta da yawan ma'aikata masu albashi da za su sayi abincin titi kullum. Cinikinta ya dogara ga ranar kasuwa da motocin da ke wucewa da kakar doya da kaju. Shi ya sa samarinta suka yi suna wajen fita, zuwa gonakin Najeriya, zuwa Aljeriya da Libiya, 'yan matanta kuma zuwa aikatau a Kwatano da ƙasashen Larabawa. Waɗanda suka rage, da yawa tire ne makarantarsu ta farko. Dokar kare yara ta 2015 ta hana sa yaro ƙasa da shekara 14 aiki, amma je ka mararrabar garin lokacin da motar Natitingu ta tsaya ka ƙirga kawunan da ke ƙarƙashin tire. Uwa na tura 'yarta ne don yarinya ba ta biyan haya, ba ta bukatar izinin mai gida, tana kutsawa inda babba ba zai iya ba, in an kore ta kuma ba a kama ta. Ƙarancin wuri na cikin abin da ke fitar da yara talla, ko da yake ba kasafai ake haɗa maganar biyu ba.

Amsar da gwamnati ta kawo ita ce gina kasuwannin zamani, masu rufi mai tsawo da famfo da makewayi da wurin ajiya, a ƙarƙashin wata hukuma ta ƙasa mai suna ANaGeM. Ta farko da aka buɗe ita ce ta Kajehun a Kwatano a Yunin 2024, kuma kasuwar Gema a Paraku da babbar kasuwar Jugu suna cikin shirin. Gine-gine ne masu kyau, matar da ta yi shekara ashirin tana zaune cikin taɓo da damina ba za ta raina su ba. Amma in za a raba rumfuna, waɗanda ake ƙirgawa su ne masu zama a tsohuwar kasuwa. Mai tire ba ta da mazaunin da za a same ta a rubuta sunanta, ɗan ci-rani yana gona ranar da aka zo rajista, mai shayi kuma aikinsa na farawa ne bayan an rufe ƙofar kasuwa. Wanda ya samu rumfa zai biya kuɗinta a kan lokaci, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Motocin safa da ke tasowa daga Kwatano da safe suna isa Paraku da yamma, na dare kuma da asuba, fasinja ya sauko da yunwa, yana da minti goma ko sha biyar kafin direba ya danna oda, kuma kasuwar Gema ba a bakin tagarsa take ba.